Sanya Tambari A Cikin A-Kori-Kura: Ribar Aikin Da Haɗarinsa

A ƙasar Amurka babu wata mota da ta kai a-kori-kura farin jini. Manomi yana da ita, magini yana da ita, haka kuma ma'aikacin ofis wanda bai taɓa ɗaukar ko da buhun masara guda ba, shi ma ita yake shiga ya tafi wurin aiki. Tun daga shekarar 1977 a-kori-kurar kamfanin Ford, wadda ake kira F-Series, take kan gaba wajen ciniki a tsakanin takwarorinta na ƙasar, kuma sai mutum ya zuba dala dubbai masu yawa kafin ya mallaki sabuwa. Amma duk da tsadar nan, da yawa daga cikin masu sayenta ba su daɗewa da ita sai a gan su a shagon masu haɗa kayan sauti suna kai kuka iri ɗaya, wai rediyon da kamfani ya sa mata yana da murya amma ba shi da kauri.

Abin da suke nufi shi ne ana jin muryar mawaƙi sarai, ana jin kayan busa da na tsirkiya, amma idan aka zo kan amon manyan ganguna, irin wanda mutum yakan ji a ƙirjinsa tun kafin ya kai kunnensa, sai a ji wayam. Maganin da masu shagunan ke bayarwa shi ne a ƙara wata babbar lasifika wadda ba ta da wani aiki sai fitar da wannan amo na ƙasa. Turawa na kiranta sabwufa, 'yan kasuwar kayan sauti na ƙasar nan kuwa sun taƙaita, wufa kawai suke cewa. Idan sauran lasifikokin mota su ne kalangu da algaita, to, ita ce tambari.

Aiki ne da gwani yake gamawa a yini guda ba tare da ya cire rediyon kamfani ba. Sai dai kuma aiki ne da ya shafi abu uku masu tsada, watau aljihun mai mota, da lafiyar motar kanta, da kuma kunnuwan duk wanda zai shige ta.

DALILIN GAZAWAR ƘANANAN LASIFIKOKI

Sauti dai girgizar iska ce. Kunnen matashi mai lafiya yana iya kama girgizar da ta kama daga sau 20 zuwa sau 20,000 a cikin daƙiƙa guda. Gwargwadon saurin girgizar, gwargwadon sirantakar sautin. Idan kuwa ta yi jinkiri sai sautin ya yi kauri. Tsirkiya mafi kauri a jikin jitar bes mai tsirkiya huɗu tana girgiza kamar sau 41 ne a daƙiƙa.

To, a nan ne wahalar take. Masana kimiyyar sauti sun tabbatar da cewa duk lokacin da aka rage saurin girgiza da rabi, tilas lasifika ta tura iska ninki huɗu kafin ƙarfin sautin ya tsaya yadda yake. Lasifikar da kamfani ke sakawa a ƙofar mota yawanci faɗinta inci shida da rabi ne, ko kuwa mai siffar ƙwai, inci shida a tara. Faifanta ƙarami ne, kuma ba ya iya kai da kawowa da nisa. Ƙofar mota kuwa fallen ƙarfe ce mai ramuka da yawa, iskar bayan faifan takan zagayo ta haɗu da ta gabansa, su kashe juna. Faifan wufa mai inci 12 ya kusa ninka na lasifikar ƙofa sau huɗu a fili, ga shi da babban maganaɗisu, sa'an nan yana tafiya gaba da baya da nisa ƙwarai. Makaɗan fada sun san wannan tun kafin a ƙera mota, shi ya sa ba a sassaƙa tambari da girman kuntuku.

Akwai kuma abin da ya sauƙaƙa aikin. Tsawon igiyar sauti guda mai girgiza sau 40 a daƙiƙa ya haura mita takwas da rabi, watau ya fi motar kanta tsawo. Saboda haka kunne ba ya iya gane ta inda amon yake fitowa, ana iya ɓoye wufa a ƙarƙashin kujera ko a bayanta, amonta ya cika motar baki ɗaya. Har wa yau ƙanƙantar cikin motar tana ƙara wa amon ƙasa ƙarfi, ta yadda wufa guda mai inci takwas ko goma takan wadatar a wurin da babban zaure zai bukaci huɗu.

YADDA ABIN YA SAMO ASALI

A cikin shekarar 1930 ne kamfanin Paul Galvin na birnin Shikago ya fito da rediyon mota mai suna Motorola, wanda kuɗinsa ya haura dala 100, kuɗi masu nauyi a wancan zamani. A shekarar 1965 kamfanin Ford ya fara sayar da motoci masu na'urar kaset irin mai layi takwas, daga nan mai mota ya sami ikon zaɓen waƙar da yake so. Amma ƙarfin wutar waɗannan na'urori bai taka kara ya karya ba, sai a shekarar 1973 wani mutum mai suna Jim Fosgate, a Jihar Arizona, ya fito da amfilifaya ta musamman domin mota. Shekara guda bayan haka, watau 1974, aka nuna wani fim mai suna Earthquake a kan girgizar ƙasa, aka girke manyan lasifikokin kamfanin Cerwin-Vega a gidajen silima, 'yan kallo suka ji kujerunsu suna rawa. Wannan ya ɗanɗana wa jama'a da yawa zaƙin amon ƙasa.

Ita kuwa a-kori-kura, labarinta ya bi ta wani gari ne mai suna Stillwater a Jihar Oklahoma, ƙasar manoma da makiyaya da ma'aikatan rijiyoyin mai. A can wani mutum, Steve Irby, ya kafa ɗan ƙaramin wurin ƙera lasifikoki a shekarar 1973. A shekarar 1980 ya ƙera wani siririn akwati wanda ke shiga ɗan filin da ke bayan kujerar a-kori-kura mai ƙofa biyu, ya raɗa masa suna Kicker, sunan da kamfanin ya shahara da shi daga baya. Kamfanonin mota su ma ba su zauna ba. A motocin shekarar 1983 General Motors ya haɗa kai da kamfanin Bose suka sa kayan sautin da aka auna daidai da cikin kowace mota, irin su Cadillac. Duk da haka, har yanzu a-kori-kura mai sauƙin kuɗi takan fito daga kamfani ba tare da wufa ba.

WURI YA YI KAƊAN

Mai ƙaramar mota yana da but, sai ya ajiye ƙaton akwati a ciki ya rufe. Mai a-kori-kura ba shi da wannan gata, domin bodinta a buɗe yake ga rana da ruwa da ɓarawo, kuma bango ya raba shi da mazaunin direba. Wurin da ya rage masa biyu ne, ƙarƙashin kujerar gidan baya ko bayanta, inda zurfin filin sau da yawa bai wuce tsawon tafin hannu ba. Dalilin haka kamfanoni suka ƙera wufa mai gajeren baya, wadda maganaɗisunta ya shige ciki, suka kuma riƙa ƙera akwatuna da aka auna musamman domin kowane samfurin mota.

Kuskuren da masu gaggawa suka fi yi shi ne raina akwatin. Wufa ba tare da akwati ba kamar fatar ganga ce da aka riƙe a hannu ana duka. A shekarar 1961 wani injiniya a ƙasar Ostareliya, Neville Thiele, ya fitar da lissafin dangantakar lasifika da akwatinta, sa'an nan Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Da wannan lissafi ne masu ƙera wufa ke rubuta wa mai saye girman akwatin da ya dace da kowace. Akwatin iri biyu ne. Akwai rufaffe ruf, wanda ba ya cin wuri kuma amonsa a tsaye yake. Akwai kuma mai bututu, wanda ya fi ƙara amma ya fi girma, kuma idan aka kuskure tsawon bututun sai amon ya koma gurnani. A matsin a-kori-kura rufaffen ya fi samun shiga. Wanda ya cusa wufa mai inci 12 a akwatin da ya dace da mai inci takwas ya yi asarar kuɗinsa, domin ƙaramar da aka ba ta haƙƙinta za ta fi ta daɗin ji.

Lalle ne kuma a ɗaure akwatin tamau, saboda akwati mai nauyin kilo 15 idan mota ta yi karo dutse ne da aka jefa cikin fasinjoji. Kafin a huda ƙasan mota domin ɗaura shi, sai an leƙa ƙarƙashi an tabbata tankin mai da bututun birki da wayoyi ba su bi ta wurin ba.

ƊEBO SAUTI DAGA REDIYON KAMFANI

A da, mai son sauti yakan tumɓuke rediyon kamfani ya jefar, ya sa nasa. Motocin yanzu ba su yarda da haka. Allon da ke gaban direba shi ne rediyo, shi ne ke sarrafa iyakwandishan, ta cikinsa ake jin ƙararrawar gargaɗi, kuma a kansa ake ganin hoton bayan mota, wanda doka ta wajabta wa sababbin motoci a Amurka tun watan Mayu na shekarar 2018. Saboda haka sai a bar shi a wurinsa, a ɗebi sauti daga wayoyin da suka tafi lasifikoki, a bi da shi ta wata 'yar na'ura mai rage masa ƙarfi zuwa gwargwadon da amfilifaya za ta karɓa. Wasu amfilifayoyin ma an ƙera su da wannan na'ura a cikinsu, kuma suna kunna kansu da zarar sun ji rediyo ya tashi.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, rediyoyin kamfani da yawa an tsara su ne su riƙa rage amon ƙasa gwargwadon yadda direba ke ƙara murya, domin kada ƙananan lasifikoki su yage. Mai mota sai ya ga abin mamaki, yana ƙara murya wufarsa tana ja da baya. Ana sayar da na'urori masu mayar da abin da aka rage. Na biyu, wasu sababbin motoci suna da ƙananan makirufo a rufinsu masu sauraron ƙugin inji, rediyo kuma yana fitar da kishiyar ƙugin domin a kashe shi. Idan aka ƙara wufa ba a kula da wannan ba, ita ma za ta karɓi wannan kishiyar ta ninka ta, motar ta cika da wani irin ruri ko da ba a kunna waƙa ba. Gwanaye sukan kashe wannan tsari tukuna.

INDA GOBARA TAKE KWANA

Wufa ba ta aiki da ɗan wutar da rediyo ke bayarwa, sai an sa mata amfilifaya, ita kuwa kai tsaye take shan wuta daga batir. Amfilifayar da ke bayar da wat 500, idan tana aiki iya ƙarfinta, takan ja wutar da ta kai amfiya 45, watau kamar ninki biyar na abin da manyan fitilun gaba guda biyu ke ja. Wannan wuta za ta bi wata kakkaurar waya ne tun daga batir, ta ratsa bangon da ya raba inji da direba, ta bi ƙarƙashin kafet har zuwa gidan baya.

Jikin mota gaba ɗayansa hanyar komawar wuta ce zuwa batir. Idan gefen ƙarfe ya ci robar wayar nan a hankali saboda girgizar hanya, ranar da tagulla ta taɓa jikin mota batir zai juye ɗaruruwan amfiya a cikinta nan take, ta yi ja wur, ta kama kafet da soso. Abin da ke hana wannan shi ne fis, kuma wurin sa shi ne kusa da batir, kada ya wuce inci 18, watau santimita 45, daga kan batirin. Mutane da yawa suna zaton fis ɗin da ke jikin amfilifaya ya wadatar, alhali kuwa shi na'urar kaɗai yake karewa, doguwar wayar da ke bayansa ba ta da mai tsaro. Haka kuma duk inda waya za ta ratsa ƙarfe sai an sa mata zoben roba, kuma kafin a fara taɓa komai sai an kwance kan batir na komawa.

Kaurin wayar ma abin lura ne. Akwai wayoyi masu araha a kasuwa waɗanda cikinsu alminiyam ne aka yi wa fentin tagulla. Alminiyam kuwa bai wuce kashi 60 da 'yan kai cikin ɗari na tagulla ba wajen ɗaukar wuta, saboda haka irin wannan waya ta fi saurin ɗaukar zafi. Araha dai ba ta ado. Waya ta biyu, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ana son ta zama gajeriya, kaurinta ɗaya da ta farko, a kankare fenti a ɗaure ta a tsurar ƙarfe. Masu F-150 ta shekarar 2015 zuwa sama suna da ƙarin hattara, domin jikin motar na alminiyam ne da aka haɗa da ƙusoshi da gam, saboda haka masu aikin sukan nemi wuraren da kamfani ya tanada, ko su mayar da wayar har batir. Idan kuwa fitilu suka fara lumshewa duk lokacin da ganga ta buga, alama ce altaneta ta gaza ɗaukar kayan da aka ɗora mata.

Game da garantin mota, akwai wata doka a Amurka ta shekarar 1975, mai suna Magnuson-Moss, wadda ta hana kamfani soke garanti don kawai an sa kayan wani. Amma idan kayan ne suka jawo ɓarnar, mai mota ne zai biya.

BA GIRIN-GIRIN BA

Kwalayen kayan sauti cike suke da manyan lambobi, wani a rubuta masa wat 3,000, wani 5,000. Lambar da ake dogara da ita ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, watau ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa tana ci gaba ba tare da ta ƙone ba. Akwai kuma hanya mai sauƙi ta kama ƙarya. Wutar mota idan inji yana aiki kamar bolt 14 ce. Idan fis ɗin jikin amfilifaya na amfiya 30 ne, a ninka 30 sau 14, a sami 420. Na'urar da ba ta shan abin da ya wuce wat 420 ba yadda za a yi ta riƙa bayar da 3,000.

Bayan an gama haɗawa sai daidaitawa. Akan tsayar wa wufa iyaka a wajen girgiza 80 a daƙiƙa, kada ta tsoma baki a muryar mawaƙi. Akwai wani maɓalli a jikin amfilifaya wanda jama'a ke ɗauka na ƙara murya ne, su murɗe shi har ƙarshe, alhali aikinsa daidaita ta da ƙarfin rediyo ne. Idan aka wuce da shi sai sautin ya karye, naɗin wayar da ke cikin wufa ya yi zafi har ya ƙone. Wufar da aka daidaita sosai ba a cika lura da ita ba sai ranar da aka kashe ta.

KUNNE DA MAƘWABTA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin raunana jinsu saboda sauraron sauti mai ƙarfi. A ma'aunin hukumar, babban mutum yana iya jin sauti mai desibel 80 har awa 40 a mako, amma idan ya kai desibel 100 lokacin ya ragu zuwa kamar minti 20. A gasar ƙarar mota da ake yi a Amurka, akwai motocin da suka wuce desibel 150, kuma irin waɗannan akan rufe su ne da na'urar awo a ciki, mai motar yana waje. Ƙananan ƙwayoyin da ke can cikin kunne masu kama sauti idan suka mutu ba su sake tohowa. Kunnen da ya riƙa ƙugi bayan an sauka daga mota yana kai ƙara ne. Direban da ya ƙure sauti kuma ba zai ji ham ko jiniyar motar asibiti ba.

Amon ƙasa yana ratsa gilashi da bango fiye da kowane sauti, shi ya sa maƙwabta ba su jin waƙar, sai dukan. A Jihar Florida, tun ranar 1 ga watan Yuli na shekarar 2022 ɗan sanda yana da ikon cin tarar direban da ake jin sautin motarsa sarai daga nisan ƙafa 25.

A NAN GIDA

Nijeriya ta daɗe da sanin a-kori-kura, tun zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda suka cika hanyoyi bayan buɗe masana'antar haɗa motoci ta Kaduna a shekarar 1975, har zuwa Toyota Hilux da kuma motocin Amurka na hannu da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas. Kayan sautin ma ga su nan jibge a kasuwar Alaba da ta Ladipo, na gaske da na jabu a shago ɗaya. Bayan kujerar Hilux mai ƙofa huɗu babu fili sosai, saboda haka abin da ya fi dacewa da ita shi ne siririyar wufa mai amfilifaya a jikinta, wadda ke shiga ƙarƙashin kujera. Sai dai mai bin titunan Legas da damina ya tuna cewa ƙarƙashin kujera nan ne ruwa ke fara kwanciya, kuma katakon garin itace da ake yin akwatuna da shi yana kumbura da zarar ya jiƙe. Dokar ƙasa ta hana yawan ƙara kuwa, wadda hukumar NESREA ke kula da ita, an fitar da ita tun shekarar 2009.

Saboda haka duk wanda zai kai motarsa wurin masu gyaran waya, ya tsaya a kan aikin, ya nemi a nuna masa fis ɗin da ke kusa da batir da zoben robar da waya ta ratsa, ya sa a yanka bakin wayar ya ga ko tagulla ce har ciki, ya kuma girgiza akwatin da hannunsa ya ji ko ya ɗauru. Idan ya hau hanya kuma ya riƙa sassauta hannu a kan maɓalli, musamman idan akwai yara a gidan baya, domin su ne ke zaune a kan tambarin. Magabata sun ce idan ganga ta cika zaƙi, to, ta kusa fashewa.